Kalmomin Turanci da Danginsu

1. Baƙo a babban gari

Ya kai mai karatu, ga shi Allah ya nufe ka da iya karatu da rubutu da harshenka. Yanzu kuma ka ɗaura niyyar koyon Turanci, ko kuwa ka riga ka fara. Madalla. Kada wani ya ce maka ka tsufa, gemu ba ya hana ilimi.

Amma mun san abin da ke karya zuciyar yawancin masu koyo, watau yawan kalmomi. Mutum ya hardace goma yau, gobe ya tashi ya tarad da bakwai sun gudu. Ya buɗe ƙamus, ya ga abin ba iyaka. Babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, littafi 20 ne manya-manya. Sai mutum ya ce a ransa, "Yaushe zan ƙare wannan?" Ya rufe littafi, ya koma abin da ya ke yi dā.

To, saurara. A ce mutum biyu sun sauka baƙunci a babban gari. Ɗaya ya zauna bakin kasuwa yana ƙoƙarin riƙe fuskar ko wane mai wucewa. Zai shekara bai san kowa ba. Ɗayan kuwa in ya ga mutum sai ya tambaya, "Wannan ɗan wace unguwa ne? Ɗan gidan wa ne?" Kafin wata uku ya san gidajen garin. In ya ga yaron da bai taɓa gani ba, sai ya ce, "Wannan da gani jinin gidan maƙera ne." Sau da yawa kuwa sai ka ga ya dace.

Turanci gari ne irin wannan. Kalmominsa suna da unguwoyi, suna da gidaje, suna da iyaye da kakanni. Wanda ya san uban gida ɗaya ya san 'ya'ya goma. Abin da za mu koya a wannan darasi ke nan.

2. Ka riga ka san hanyar

Kada ka zaci wannan wata baƙuwar dabara ce. Tun kana yaro ka ke aiki da ita a Hausa.

Dubi waɗannan: karanta, karatu, makaranci, makaranta, karantacce. Tushensu ɗaya. Dubi kuma ƙera, ƙira, maƙeri, maƙera, ƙerarre. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka su ɗai-ɗai. Kunnenka ne ya gane cewa in an sa "ma" a gaba, ana nufin mai yin aikin, kamar manomi da masaƙi. Ko wurin aikin, kamar marina da majema. Ko abin yin aikin, kamar mabuɗi da madubi.

Wanda ya yi karatun allo ya san wani misali. Hukunci, hukuma, hakimi, hikima, duk daga tushe ɗaya na Larabci su ke. Haka ilimi, da malami, da alama. Hausa ta aro su, suka zauna, suka zama 'yan gari.

Turanci ma haka ya ke, sai dai shi aronsa ya fi yawa. In za ka san gidajensa, sai ka fara jin labarin yadda aka kafa garin.

3. Unguwoyin garin

Unguwa ta fari ita ce ta 'yan asali. Wajen shekara ta 450 waɗansu kabilu suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da ƙasar Danmak, suka zauna a tsibirin Biritaniya. Manyansu su ne Angil da Sakson. Daga sunan Angil aka sami sunan Ingila da na Ingilishi. Kalmomin da suka zo da su gajeru ne, su ne na zaman yau da kullum: man, wife, child, house, water, bread, sun, moon, hand, foot, eat, drink, sleep, come, go. In an jera kalmomi 100 da Bature ya fi faɗi a yini, kusan dukkansu na wannan unguwa ne. Da su za ka fara.

Unguwa ta biyu ta Rumawa ce, masu harshen Latin. Tun kafin kabilun nan su ƙetaro sun riga sun ari kalmomi kaɗan wurin Rumawa, kamar "street", watau titi, da "mile", wadda mu ke kira mil. A shekara ta 597 aka aiko masu wa'azin Kirista daga birnin Rum zuwa Ingila. Suka kawo littattafai, kalmomin karatu da na ibada suka yawaita, irin su "school" da "candle". Ta ƙarshen nan ita ce kakar kyandir ɗinmu.

Unguwa ta uku ta mayaƙan teku ce daga Danmak da Norwe. Sun fara kai hari Ingila a shekara ta 793, daga baya suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, suka yi auratayya da mutanen wurin. Su suka bar sky, skin, leg, egg, knife, window, take, law. Har "they" da "them" da "their" nasu ne. Ka ga cuɗanya ta yi nisa, tun da har kalmar da a ke ce wa mutane "su" aro ce.

Unguwa ta huɗu ta Faransa ce, tana kuwa da girma ƙwarai. A shekara ta 1066 Wiliyam, sarkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ƙetaro da runduna, ya ci yaƙi a Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila. Daga nan har wajen shekara 300 harshen Faransa shi ne harshen fada da na shari'a, talakawa kuwa suna Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi doka a riƙa yin ƙara a gaban alƙali da Ingilishi. Saboda haka kalmomin mulki da na shari'a da na yaƙi yawancinsu na wannan unguwa ne: government, court, judge, prisoner, soldier, captain. Ka gane su? Su ne gwamnati, kotu, joji, fursuna, soja, kyaftin. Daga Faransa suka je Ingila, daga Ingila suka iso mana.

Ga wani abin lura. Dabba tana garke sunanta na talaka ne: cow, sheep, calf. In an yanka ta an kai gaban masu gari, sai sunan ya koma na Faransa: beef, mutton, veal. Suna ɗaya na mai kiwo, ɗaya na mai ci.

Unguwa ta biyar ta malamai ce. A shekara ta 1476 Wiliyam Kakston ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila. Karatu ya yaɗu, malamai suka shiga fassara littattafan mutanen dā. In sun rasa kalma sai su ɗebo daga Latin ko daga harshen Yunanawa. Har yau in an ƙago sabon abu, can a kan koma neman suna. Shi ya sa fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Turanci asalinsu Latin ne ko Faransanci, Faransanci kuwa ɗan Latin ne.

Mene ne amfanin wannan labari gare ka? Shi ne ka san dalilin da abu ɗaya ya ke da suna biyu ko uku. Mu ma mu kan ce wane ya mutu, wane ya rasu, wane ya yi wafati. Ma'ana ɗaya, amma ko wace da inda a ke faɗinta. Haka Bature ya ke da waɗannan:

buy, purchase: saya
begin, commence: fara
help, assist: taimaka
ask, inquire: tambaya
end, terminate: ƙare

Ta hagu ta 'yan asali ce, ita a ke ji a baki. Ta dama ta Faransa ce ko ta Latin, ita a ke gani a takardar ofis. Mutum ya kan iya hira da Turanci sarai, amma a miƙo masa takarda ya kasa gane ta, domin ya san unguwa ɗaya bai san ɗayar ba. Duk sa'ad da ka koyi gajeriyar kalma, nemi 'yar'uwarta ta takarda, ka ajiye su tare.

4. Iyayen gida

Yanzu mu shiga gidajen. Ko wane gida yana da tushe, watau ɗan guntun kalma wanda ke ɗauke da ainihin ma'ana.

Gidan "port". Ma'anarsa a Latin ɗauka. "Porter" ɗan dako ne. "Import" shigo da kaya cikin ƙasa, "export" fitar da su. "Transport" ɗaukar kaya ko mutane daga wuri zuwa wuri. "Portable" abin da a ke iya ɗauka a hannu. "Report" kuwa komowa da labari, ita ce rahoto.

Gidan "spect". Ma'anarsa duba. "Inspect" duba cikin abu, "inspector" mai dubawa, shi ne sufeto. "Spectacles" tabarau. "Spectator" ɗan kallo. "Respect" asalinta waiwayawa a dubi mutum, watau ganin girmansa.

Gidan "scrib" ko "script". Ma'anarsa rubutu. "Describe" siffanta abu. "Prescription" takardar da likita ya ke rubuta maka ta magani. "Manuscript" rubutun hannu, domin "manu" hannu ne. Ka sami wani gida ke nan a kyauta: "manual labour" aikin hannu ne.

Gidan "dict". Ma'anarsa faɗi. "Dictation" shifta. "Predict" faɗin abu kafin ya auku. "Contradict" musanta magana. "Dictionary" ƙamus.

Gidan "cap". Daga kalmar Latin mai ma'anar kai. "Captain" shi ne kan ƙungiya. "Capital" babban birni, kan garuruwa. Ita ce kuma jari, watau uwar kuɗi. "Cattle" ma, watau shanu, 'yar gidan nan ce. Da fari ma'anarta abin da mutum ya mallaka, daga baya ta tsaya kan dabbobi. Wannan ba zai ba ka mamaki ba, kai da ka saba jin makiyayi na ce wa garkensa dukiya.

Yunanawa kuma suna da nasu gidaje. "Tele" nesa, "phone" murya, "graph" rubutu ko zane, "photo" haske, "scope" dubawa, "micro" ƙanƙane. Haɗa su da kanka. Murya daga nesa, "telephone", tarho ke nan. Zanen haske, "photograph", hoto ke nan. Abin duba na nesa, "telescope". Abin duba ƙanƙanen abu, "microscope", wanda a ke gwada jini da shi a asibiti. Guntu shida, ga kalmomi sun fara haihuwa.

Lissafi ma gida ne. Ka san Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis ƙirga ne na Larabci, daga ɗaya zuwa biyar. To, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba ƙirga ne na Latin: bakwai, takwas, tara, goma. Za ka ce ai Satumba wata na tara ne. Gaskiyarka. Rumawan farko daga watan Maris su ke fara shekara, da aka sāke lissafi sai sunayen suka zauna yadda su ke. "Decade", shekara goma, dangin "dec" na Disamba ce. "Cent" ɗari ne: "century" shekara ɗari, "per cent" cikin ɗari. "Mille" dubu ne: mil asalinsa taki dubu na sojan Rum.

Sanin gida yana gyara rubutu kuma. A "sign" ba a faɗin harafin g, mai koyo ya kan manta da shi. Amma a "signature", watau sa hannu, ana jinsa sarai. A "debt", watau bashi, ba a faɗin b, a "debit" ana faɗi. In harafi ya yi shiru a bakin ɗa, nemi ɗan'uwansa, sau da yawa can za ka ji shi.

5. Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Tushe ba ya cika fita shi kaɗai. A kan liƙa masa wani guntu a gaba, malaman harshe na kiransa ɗafa-goshi, ko a baya, ɗafa-ƙeya. Ba su da yawa, amma aikinsu babba ne. Ga na gaba:

un, dis, non: korewa ko juyawa. Safe, unsafe. Agree, disagree.
in, im, il, ir: korewa. Correct, incorrect. Possible, impossible. Legal, illegal.
re: sākewa ko komowa. Write, rewrite. Pay, repay.
pre: kafin. Post: bayan.
ex: waje. Sub: ƙarƙashi. Trans: ƙetare.
mis: bisa kuskure. Use, misuse.

Ga na baya:

er, or, ist: mai yin aikin. Teacher, driver, inspector, typist.
ee: wanda a ke yi wa aikin. Employee, payee.
ful: mai. Less: maras. Careful, careless.
able: mai yiwuwa. Payable, readable.
ness, ment, tion: sunan hali ko na aiki. Kindness, payment, inspection.
ly: yadda aka yi aikin. Slowly, quickly.

In ka gamu da doguwar kalma, kada gabanka ya faɗi. Yi mata yadda mahauci ke yi wa sa, bi gaɓa-gaɓa. Ga "unemployment". Cire "un", cire "ment", saura "employ", ɗaukar mutum aiki. Mai da "ment", ya zama aikin yi. Mai da "un", ya zama rashin aikin yi. Shi ke nan.

Kada ka rena guntayen nan don ƙanƙantarsu. Dukiyar mutum, har ransa, ya kan rataya a kan harafi biyu ko uku. "Employer" mai ba da aiki ne, "employee" ma'aikaci. "Creditor" mai bin bashi, "debtor" wanda a ke bi. Kuɗin da aka rubuta masa "refundable" ana mayar maka da shi, wanda aka rubuta masa "non-refundable" ya tafi ke nan. Maganin da aka rubuta "for external use" a jikin kwalbarsa na shafawa ne, ba na sha ba, ga "ex" nan yana gaya maka waje. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takarda, dubi goshin ko wace kalma da ƙeyarta.

6. Kama da wane ba wane ba ne

Nan kuma sai ka yi hattara. Dabarar nan jagora ce, amma ba a binta ido rufe.

A ce wani mai tsaron sito ya koyi cewa "in" korewa ne. Aka kawo masa garwa, a jikinta an rubuta "inflammable". Ya san "flame" harshen wuta ne. Sai ya yi lissafi, ya ce, "Ashe wannan ba ya cin wuta." Ya ajiye ta kusa da fitila. To, da sito da shi duk sun shiga haɗari, domin "inflammable" ma'anarta mai saurin kama wuta. Latin yana da "in" iri biyu. Ɗaya korewa ne, ɗaya kuwa ma'anarsa ciki, kamar na "import" da "inspect". Na garwar nan na biyun ne. Saboda wannan ruɗani ne masu rubuta gargaɗi suka fi son "flammable", ma'anarsu kuwa ɗaya. Wanda ba ya cin wuta shi ne "non-flammable".

Haka "invaluable". Ba maras amfani ba ne, abu ne mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi. "Priceless" ma haka. Maras daraja shi ne "worthless".

Waɗansu kalmomi kuma ba su yankuwa ko kaɗan. "Uncle" kawu ne ko baffa, ba korewa a cikinsa. "Carpet" darduma ce, ba ruwanta da "car". "Understand" fahimta ce, in ka yanka ta biyu ba za ka sami ma'anarta ba. Har "port" ɗin tashar jirgin ruwa, wadda ke cikin "passport", fasfo, daga wata kalmar Latin dabam ta ke, ba daga ta ɗaukar kaya ba.

Sa'an nan ma'ana tana tafiya da zamani. "Doctor" asalinsa mai koyarwa, yau shi ne likita. "Hospital" asalinsa masaukin baƙi, ɗan'uwan "hotel" ne, yau shi ne asibiti. "Meat" a dā ko wane irin abinci ne, yau nama kaɗai. "Manufacture" asalinsa yi da hannu, yau galibi aikin inji ne. Asali yana taimakonka ka riƙe kalma, amma ma'anarta ta yau ita ce wadda masu harshen ke nufi yau.

Saboda haka ga ƙa'ida. Ka yanka kalma, ka yi zato. Ka dubi maganar da ke kewaye da ita, ka ga ko zaton ya zauna. In abin ya shafi kuɗi, ko magani, ko wuta, ko shari'a, kada ka tsaya kan zato. Buɗe ƙamus, ko ka tambayi wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

7. Tsofaffin sani a baƙon gari

Akwai wata 'yar unguwa inda za ka tarad da fuskokin da ka sani. Turawa sun yi ciniki da Larabawa, sun kuma fassara littattafansu, kalmomi suka bi su gida. "Sugar" da sukari, "coffee" da gahawa, "lemon" da lemo, duk 'yan'uwa ne ta wajen Larabci. "Zero" da "cipher" daga inda sifiri ya fito suka fito. "Admiral", shugaban mayaƙan ruwa, daga amir ne. "Algebra" daga sunan littafin lissafi ne na Alkawarizmi, malamin da ya zauna a Bagadaza wajen shekara ta 820. "Safari" ta bi ta harshen Sawahili, amma tushenta ɗaya da safara.

A nan ma akwai tarko. In ka ga "alkali" a littafin Turanci, ba alƙalin shari'a a ke nufi ba. Daga wata kalmar Larabci ce mai nufin toka, ana kiran abubuwa irin su kanwa da ita.

Wata kalmar kuma ta kan yi tafiya ta komo. Rumawa suna samun jan ƙarfe daga tsibirin Ƙubrus, suka kira ƙarfen da sunan tsibirin. Daga nan Ingilishi ya sami "copper". Turawa suka kawo kuɗin jan ƙarfe ƙasarmu, muka ce kwabo. Da Nijeriya ta yi kuɗinta na naira a 1973, aka sa wa ƙaramin "kobo", yanzu kuwa sunan yana cikin ƙamus na Turanci. A farkon 2025 masu ƙamus na Oxford suka ba da sanarwar sun shigar da "suya". Ka ga aro ba abin kunya ba ne, ko wane harshe yana ci yana bayarwa.

8. Yadda za ka yi

Nemi littafin rubutu guda, ka keɓe shi don wannan aiki. Kada ka jera kalmomi yadda suka zo maka. Ba ko wane gida shafinsa. Rubuta tushe a bisa da ma'anarsa, 'ya'yan su biyo a ƙasa, ka bar fili don waɗanda za ka tarar nan gaba.

Duk sabuwar kalma, yi mata tambaya huɗu, kamar yadda mai unguwa ke yi wa baƙo. Daga wane gida ki ke? Su wane ne 'yan'uwanki? Wace ce mai ma'ana kusa da taki? Wace ce kishiyarki? In ka koyi "employ", kada ka tashi sai ka rubuta employer, employee, employment, unemployed. Mai kama da ita "hire", kishiyarta "dismiss". Ka nemi ɗaya, ka tashi da bakwai.

Sa'an nan ka sa ko wace cikin magana taka ta kanka, a kan gonarka, ko sana'arka, ko iyalinka. Kalmar da ba ka yi aiki da ita ba baƙuwa ce, da asuba za ta yi sallama.

Kada ka yi gaggawa. Kalma 3 ko wace rana, a shekara sun zama 1,095. Wani malamin Ingila, Ogden, ya fitar da jerin kalmomi 850 a shekara ta 1930, yana ganin da su mutum zai iya biyan bukatarsa ta yau da kullum. Ka ga cikin shekara guda ka wuce wannan adadi. Karanta duk abin da ya faɗo hannunka, allon kan hanya, takardar magani, jarida. Ran Juma'a kuwa, bayan an sauko, koma kan shafuffukan da ka rubuta cikin mako, ka gaishe su ɗai-ɗai. Zumunta a ƙafa ta ke.

9. Tambayoyi

1. Faɗi kalmomi biyar na Hausa masu tushe ɗaya da "rubuta".
2. Mai auduga ya sayar da ita ƙasar waje. "Import" ya yi ko "export"? Ta yaya ka sani?
3. Yanka waɗannan gaɓa-gaɓa, ka faɗi ma'anarsu: unbreakable, carelessness, repayment.
4. A takardar bashi an kira ka "debtor". Kai ke bi, ko kai a ke bi?
5. Don me a ke kiran wata na goma Oktoba, alhali tushen sunan takwas ne?
6. Ka ga "inflammable" a jikin garwa. Ina za ka ajiye ta?
7. Nemo kalmomi uku na gidan "port" ko na gidan "spect" waɗanda ba mu ambata ba, ka duba ƙamus ka ga ko zatonka ya dace.

In akwai wadda ta gagare ka, koma kan darasin, ko ku haɗu da abokin karatunka ku warware ta tare. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.